Habaici da Hoto: Yadda Ake Shiga Fina-finan Andrzej Wajda

Duk wanda ya zauna kallon fim ɗin Kanał a karon farko ba tare da ya san tarihin Warsaw, babban birnin Poland, ba, akwai wata fitowa kusa da ƙarshe da za ta wuce shi bai ankara ba. Wata budurwa tana tallafe da saurayinta wanda harsashi ya samu, suna ratsa magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashin birnin, sun shafe sa'o'i cikin duhu da ɗoyi har suka hango haske. Da suka isa bakin magudanar sai suka tarar an toshe ta da sandunan ƙarfe. Ba ta gaya masa ba, ta dai ce kada ya buɗe ido, sannan kamara ta leƙa ta tsakanin sandunan ta nuna kogin Vistula da ɗaya gaɓar tasa, shiru kamar ba a yaƙi. Baƙon mai kallo zai ɗauka an nuna masa 'yancin da suka kasa kaiwa gare shi ne kurum. Amma ɗan Poland da ya zauna a gidan silima a 1957 ya san sarai wanda yake wancan ƙetaren a watan Satumba na 1944: rundunar Tarayyar Sobiyet ce, wadda ta ja birki a bakin kogin har Jamusawa suka gama murƙushe boren birnin. Ba a furta wannan zargi da baki ba, kuma da an furta shi da fim ɗin bai fito ba.

Wanda ya shirya fim ɗin shi ne Andrzej Wajda, wanda 'yan ƙasarsa ke furta sunansa kusa da "Anjei Baida". An haife shi a garin Suwałki ranar 6 ga Maris, 1926, ya rasu a Warsaw ranar 9 ga Oktoba, 2016, bayan ya shafe shekara sittin yana ba da umarni. A ganina, babban abin da mai son sanin aikinsa ya kamata ya riƙe shi ne cewa mafi yawan fina-finansa an yi su ne domin masu kallo biyu a lokaci guda. Na farko jami'in tace fina-finai ne da ke riƙe da alƙalami yana bin kalma bayan kalma, na biyu kuma ɗan ƙasa ne da ke zaune cikin duhun silima, wanda ya san abin da aka hana faɗa domin a kan idonsa aka yi, ko kuma a gidansu aka yi rashin. Wajda ya gina sana'arsa a tsakanin waɗannan mutum biyu, kuma wanda ya zo daga waje, kamar mu, sai ya koyi zama a kujerar na biyun kafin hotunan su buɗe masa.

Kafin a gane habaicin sai an san wanda ake yi wa. A watan Satumba na 1939 aka yi wa Poland rubdugu daga ɓangarori biyu: Jamus ta shigo daga yamma ranar 1 ga wata, Tarayyar Sobiyet ta shigo daga gabas ranar 17. Mahaifin Wajda, Jakub, kyaftin ne a sojan Poland, yana cikin hafsoshin da Sobiyet ta kama, kuma a 1940 'yan sandan asirin Stalin, shugaban Sobiyet, suka harbe shi a Kharkiv, cikin kisan gillar da aka fi sani da sunan dajin Katyn, inda aka kashe mutum kusan 22,000. Mahaifiyarsa, malamar makaranta, ta ci gaba da zuba ido a hanya har ta rasu a 1950. Shi kuwa ɗan, tun yana matashi ya shiga Armia Krajowa, wato Rundunar Cikin Gida, mayaƙan ɓoye masu biyayya ga gwamnatin Poland da ke gudun hijira a Landan. Wannan runduna ce ta tayar da boren Warsaw ranar 1 ga Agusta, 1944, wanda ya yi kwana 63, ya ci rayukan fararen hula fiye da 150,000, ya bar birnin kufai. Da yaƙi ya ƙare sai gwamnatin kwaminisanci da Moscow ta ɗora ta mai da waɗannan mayaƙa abin farauta, ta ɗaure wasu, ta kashe wasu, ta kuma dage cewa Jamusawa ne suka yi kisan Katyn. Saboda haka manyan raunuka uku na rayuwar Wajda, wato mutuwar ubansa da boren Warsaw da makomar abokan gwagwarmayarsa, duk suna cikin abubuwan da doka ta hana a taɓa ta fuskar gaskiya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne cewa bai fara da kamara ba. Zane ya fara karantawa a makarantar koyon zane-zane ta Kraków bayan yaƙi, daga baya ya koma makarantar fim ta Łódź, wadda aka kafa a 1948. Wannan horo na mai zane ya yi masa rana fiye da yadda ya zata, domin tsarin tacewar ƙasar ya fi ƙwarewa wajen kama magana. Rubutun fim sai ya bi ta hannun kwamitin tantancewa kafin a ba da kuɗi, gwamnati ce kaɗai furodusa, kuma bayan an gama ɗauka sai a yi zaman kallo na jami'ai, inda za a iya yanke fitowa ko a ajiye fim ɗin gaba ɗaya a kan kanta, ya yi shekaru yana cin ƙura. Jumla tana da sauƙin sokewa, domin ana iya nuna ta da yatsa a ce ga laifinta. Amma yaya jami'i zai rubuta a rahotonsa cewa ya hana nuna gaɓar kogi? In ya yi haka, shi da kansa ya amsa cewa akwai abin kunya a wancan ƙetaren. Wajda ya sha bayyana wannan dabara a hirarrakinsa na baya, kuma Hausawa sun riga sun san ta: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Fim ɗinsa na farko, Pokolenie, wato Tsara, wanda ya fito a 1955, bai kai wannan matsayi ba. An yi shi ne a ƙarƙashin ƙa'idar da aka ɗora wa masu fim tun 1949, wadda ta wajabta a nuna talaka yana wayewa har ya rungumi jam'iyya, kuma jarumin fim ɗin haka ya yi. Ana iya kallonsa domin a ga inda aka faro, a kuma ga Roman Polański, wanda daga baya ya yi suna wajen ba da umarni, yana matashi a cikin 'yan wasa, amma bai kamata a fara da shi ba. Sauyin ya zo ne bayan Oktoban 1956, lokacin da Władysław Gomułka ya hau shugabancin jam'iyya aka ɗan sassauta igiya. A cikin wannan 'yar sarara aka fitar da Kanał, fim na farko da ya taɓa boren Warsaw, wanda ya samu kyautar musamman ta alƙalai a bikin Cannes na 1957. Abin lura shi ne a gida ba kowa ya yi murna da shi ba. Tsoffin mayaƙa da iyalansu sun daɗe suna jiran a nuna jarumtarsu a saman ƙasa da tuta a hannu, sai ga shi an nuna su suna dagwalo cikin najasa, wani ya haukace, wani ya yi ƙarya, kuma tun a farkon fim ɗin muryar mai ba da labari ta sanar da cewa waɗannan su ne sa'o'in ƙarshe na rayuwarsu. Ashe habaicin Wajda kaifi biyu gare shi. Yana sukar wanda ya tsaya kallo a ƙetaren kogi, yana kuma tambayar 'yan ƙasarsa ko wace riba aka ci da wannan ɗabi'a ta ɗaukaka mutuwar da ba ta kawo nasara.

Fim ɗin da ya fi dacewa a fara da shi, kuma wanda ya cancanci a daɗe a kansa, shi ne Popiół i diament, wato Toka da Lu'ulu'u, na 1958, wanda aka gina a kan littafin Jerzy Andrzejewski. Labarin duka yana faruwa ne cikin yini ɗaya da dare ɗaya, daga 8 ga Mayu, 1945, ranar da Jamus ta miƙa wuya. An umarci Maciek, matashin mayaƙin Rundunar Cikin Gida, ya kashe Szczuka, sakataren jam'iyyar kwaminisanci na yankin. A yunƙurin farko shi da abokinsa sun yi kuskure sun harbe ma'aikata biyu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Daga nan sai ya kama ɗaki a otel ɗin da Szczuka ya sauka, inda manyan gari ke shirin liyafar nasara, ya haɗu da wata budurwa mai sayar da abin sha, Krystyna, ya fara tunanin cewa wataƙila akwai rayuwa bayan bindiga.

A kan takarda, labarin ya yi wa hukuma daɗi. Ɗan kwaminis dattijo ne mai mutunci, makashinsa kuma yana mutuwa a ƙarshe a kan juji, yana shure-shure cikin shara. Jami'in tacewa na iya karanta wannan a matsayin hukuncin tarihi: ga inda maƙiyan sabon tsari ke ƙarewa. Sai dai Wajda ya ba Zbigniew Cybulski rawar Maciek, ya kuma ƙyale shi ya fito da baƙin tabarau da irin suturar samarin 1958 maimakon ta 1945. Nan take matasan da ke cikin silima suka ga kansu a jikinsa, kuma duk wanda masu kallo suka so, to shi ne jarumin fim, ko me rubutu ya ce. Jujin da jami'i ya ɗauka hukunci ne, su sun karanta shi a matsayin tuhuma: ga inda gwamnati ta jefar da yaran da suka yi wa ƙasa yaƙi.

Hotunan fim ɗin kuwa har yau ana koyar da su. Akwai inda Maciek ya jera ƙananan kofunan barasa a kan kanta yana kunna musu wuta ɗaya bayan ɗaya, abokinsa yana kiran sunayen 'yan uwansu da suka mutu, abin da ke tuna wa ɗan Poland kyandirorin da ake kunnawa a maƙabarta a farkon Nuwamba. Akwai gunkin Almasihu da ke reto kai a ƙasa cikin rusasshen coci, tsakanin masoyan biyu. Sai kuma fitowar kisan, wadda ita ce zuciyar fim ɗin: da Maciek ya harbe Szczuka, dattijon ya tako gaba ya faɗa a ƙirjinsa, makashi ya rungume wanda ya kashe, a daidai lokacin da wasan wuta na murnar ƙarshen yaƙi ya haske sama. Mai kallo ya riga ya san cewa ɗan Szczuka na cikinsa yana tare da mayaƙan ɓoye kuma an kama shi a wannan dare, don haka rungumar ta zama ta uba da ɗa da siyasa ta raba. A nan Wajda ya ƙi bai wa kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya, abin da ya sa har bayan faɗuwar kwaminisanci wasu masu kishin ƙasa ke zarginsa da ɓata sunan Rundunar Cikin Gida. Za a iya cewa wani lokaci alamomin sun yi yawa, kamar farin dokin da ke ratsa fitowa babu dalili, kuma wannan zargi ba ƙarya ba ne. Mai zane ne da ba ya iya barin bango fari.

Cybulski ya mutu a watan Janairu na 1967 a tashar jirgin ƙasa ta Wrocław, yana ƙoƙarin ɗarewa jirgin da ya riga ya tashi, kuma Wajda ya yi fim a kan giɓin da ya bari. Shekarun da suka biyo baya ya karkata ga manyan littattafan ƙasarsa, wanda shi ma wata mafaka ce, tunda da wuya jami'i ya soke abin da ake karantawa a makaranta. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne Ziemia obiecana, Ƙasar Alkawari, na 1975, daga littafin Władysław Reymont, inda abokai uku, ɗan Poland da Bajamushe da Bayahude, suka haɗa hannu su gina masaƙa a Łódź ta ƙarni na 19. Hukuma ta karɓe shi hannu bibbiyu a matsayin tonon sililin jari-hujja, amma fim ɗin ya ƙare ne da ba da umarnin harbin ma'aikata masu yajin aiki, shekara huɗu da 'yan watanni kacal bayan sojojin gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata sun buɗe wuta a kan ma'aikatan masana'antun ƙera jiragen ruwa a Gdańsk da Gdynia da Szczecin, cikin Disamban 1970, suka kashe fiye da mutum 40. A ƙasashen waje kuma an soki yadda ya zana wasu Yahudawan cikin labarin, sukar da ta sake tasowa ta wata fuska a kan fim ɗinsa Korczak na 1990.

Da Człowiek z marmuru, Mutumin Marmara, ya kai dabarar ga iyakarta. Rubutun Aleksander Ścibor-Rylski ya yi sama da shekara goma yana jiran izini, sai da ministan al'adu Józef Tejchma ya ɗauki kasada ya amince, fim ɗin ya fito a 1977. Agnieszka, ɗalibar fim da Krystyna Janda ta fito a matsayinta, ta tarar da wani gunkin marmara a yashe a ɗakin ajiyar gidan tarihi, ta shiga neman mai shi: Mateusz Birkut, birkila a sabon garin Nowa Huta, wanda a zamanin Stalin aka shirya masa gasar jera bulo dubu talatin a aiki ɗaya, aka ɗauke shi a majigi, aka rataye hotonsa a bango, sannan aka ɗaure shi da ya fara tambayar inda aka kai abokinsa. Hikimar fim ɗin ita ce ya mai da tacewa kanta ta zama labarin. Muna zaune tare da Agnieszka a ɗakin duba tsoffin faya-fayai, muna kallon abin da aka nuna wa jama'a da abin da aka yanke, muna ganin yadda ake yi wa birkila aski da ɗura masa abinci kafin kamara ta kunna. Wajda ma ya saka sunansa a jerin ma'aikatan majigin farfagandar da ke cikin fim ɗin, yana amsa cewa shi ma ɗan wannan makaranta ne. Jami'ai sun yanke fitowar maƙabarta da ke nuna cewa Birkut ya mutu a harbin 1970. Abin da ya rage shi ne ɗansa, ma'aikaci a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk, yana cewa mahaifinsa ya rasu. Ambaton Gdańsk kaɗai ya wadatar da mutanen da suka yi dogayen layuka a ƙofar 'yan gidajen silimar da aka yarda a nuna shi.

Daga nan tarihi ya riski fim ɗin. A Agustan 1980 ma'aikatan wannan masana'anta suka yi yajin aikin da ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność, kuma Wajda ya yi gaggawar ɗaukar ci gaban labarin, Człowiek z żelaza, Mutumin Ƙarfe, wanda jagoran ƙungiyar, Lech Wałęsa, ya fito a ciki da kansa. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar Cannes a 1981, watanni kaɗan kafin Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja ranar 13 ga Disamba. Fim ne mai muhimmanci a tarihi, amma in aka ajiye shi kusa da na farkon za a ga bambanci. A nan an faɗi kusan komai da baki, mutanen kirki sun tsaya gefe guda, miyagu sun tsaya gefe guda, kuma mutumin da ya fi rai a cikinsa shi ne ɗan jaridar rediyo mashayi, matsoraci, da aka aika ya ɓata sunan masu yajin aikin.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ke da wuyar amsawa, wato ko takurawar ce ta sa Wajda ya yi fice. Ba na jin adalci ne a yaba wa ƙangi, domin tsarin da ya tilasta masa habaici shi ne ya binne ayyukan wasu da dama, ya kori wasu daga ƙasar, ya kuma rufe rukunin shirya fim na X da Wajda ya jagoranta daga 1972 zuwa 1983, inda matasa irin su Agnieszka Holland suka goge. Amma gaskiya ne cewa bayan 1989, da aka soke ofishin tacewa, shi kansa ya zama sanata na ɗan lokaci, sai ya rasa mai kallon da ya saba yi wa raɗa. Gidajen silima suka cika da fina-finan Amurka, kuma ayyukansa na shekarun 1990 ba su ja jama'a ba sai Pan Tadeusz na 1999. An ba shi kyautar Oscar ta girmamawa a 2000, irin kyautar da ake bai wa wanda ake ganin ya gama aikinsa.

Bai gama ba, domin bashin mahaifinsa na nan. Sai a Afrilun 1990 Moscow ta amsa cewa ita ta yi kisan Katyn, kuma sai a 2007, yana da shekara 81, Wajda ya fitar da Katyń. Ya buɗe shi da gada: taron masu gudun Jamusawa ya yi karo da taron masu gudun Sobiyet a tsakiyarta, kowane ɓangare yana cewa ɗaya ya koma. Tsakiyar fim ɗin, wadda ke bin matan da aka bari da jira da ƙaryar hukuma, ta rarrabu tsakanin mutane da yawa har ba a samun damar shaƙuwa da ko ɗaya sosai. Amma mintunan ƙarshe ba su da habaici ko kaɗan. Ana fito da hafsoshi ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure hannu, a harba a ƙeya, a wanke jini da bokiti, a kawo na gaba, har katafila ta tura ƙasa a kan ramin, allo ya yi baƙi. Mutumin da ya shekara hamsin yana zagaye wannan rami ya nuna shi kai tsaye, kuma ya yi daidai, tunda a wannan batu duk wani zagaye zai yi kama da ƙaryar da aka yi shekara hamsin ana yi. An nuna fim ɗin a talabijin ɗin gwamnatin Rasha a Afrilun 2010, aka sake nuna shi bayan hatsarin jirgin sama na Smolensk ranar 10 ga watan, wanda ya kashe shugaban Poland Lech Kaczyński da sauran mutum 95 a hanyarsu ta zuwa taron tunawa da Katyn.

Fim ɗinsa na ƙarshe, Powidoki, ya fito a 2016, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, kuma a cikinsa ya koma inda ya faro, wato wurin masu zane. Labarin Władysław Strzemiński ne, malamin zane a Łódź wanda ya rasa hannu da ƙafa a yaƙin duniya na ɗaya, wanda aka kora daga aiki aka hana shi ko sayen fenti saboda ya ƙi bin salon da jam'iyya ta wajabta, har ya mutu cikin talauci a 1952. Kusa da farkon fim ɗin yana zaune a ƙasa gaban farin allon zane, zai sa buroshi ke nan sai aka ja wani ƙaton jan ƙyalle mai hoton Stalin a jikin ginin, ya rufe tagarsa, allon da ɗakin duka suka rine ja. Bai ce komai ba. Ya ɗaga sandar da yake dogarawa, ya farke ƙyallen domin haske ya shigo, kuma kafin ya koma ga aikinsa 'yan sanda sun hawo bene.